Sikelin Burodin Kawu Isuhu

Da ƙarfe bakwai na safe ta yi ban ji ƙarar sikeli ba, na san ba lafiya ba. Ku da kuka san Kawu Isuhu kun san ko zazzaɓi yake yi sai ya auna burodi kafin ya ci. Na leƙa falo, na same shi a kujera ya sha kwat, burodi a cinya, sikeli a gabansa. Sau uku na ce "Kawu". Ashe rai ya yi halinsa.

Allah ya yafe mini, ba kuka na fara ba. Jakata na tuna. A cikinta akwai takardar da ta ba ni kwana talatin in bar Faransa. Shekara goma sha ɗaya ina gidansa a Lyon ba takardar zama, tun da uwata, ƙanwarsa, ta turo ni daga Damagaram in kula da ciwon sukarinsa.

Kun sha yi masa dariya, bari in tuna muku dalili. Magatakarda ne a kotu, greffier, kuma kaitonka in ka ce masa sakatare. Gwamnati tana ƙara wa ma'aikatanta ɗan kuɗin tsadar gari, na Paris kashi uku cikin ɗari, na Lyon kashi ɗaya. Biyun nan da ke tsakani ita ta cinye rayuwar Kawu.

"Rakiya, zo ki gani! Nauyin burodin nan ɗaya da na Paris ko ba ɗaya ba?"

"Ɗaya ne, Kawu."

"Mai burodin Lyon ya rage mini kashi biyu?"

"Bai rage ba."

"Rubuta!"

Duk wata sai ya aika wasiƙa ma'aikata. In sun ga dama su amsa da layi guda: ana nazari.

Hajiya Mariyama, kin tuna sunan jikanki a unguwarku ta Goutte d'Or, can Paris? Mutane na zuwa da turmin zane, shi ya zo da albasar Lyon a jakar aiki, wai zai gwada ta da ta kasuwarku. Kika ce, "Malam Isuhu, suna ka zo ko bincike?"

Ya ce, "Allah ya raya, Hajiya. Nawa ragon?"

Kika faɗa. Ya ga ya fi na Lyon tsada nesa, sai ya rufe littafinsa. "Wannan rago ba shaida ba ne. Cutarki aka yi." Kuma sau biyu ya ƙara nama!

Da suka gaji da wasiƙunsa, suka ce to ya koma Paris da aiki ya ci kashi ukun. Kowa ya ce Alhamdulillahi. Shi ko ya ƙi. "In na tafi, ni suka gyara. Lyon fa?"

Ku abin dariya ne a wurinku. Ni kuwa in na hango ɗan sanda a tasha sai in sauya hanya. Na taɓa durƙusa masa na ce, "Kawu, kullum kana tare da alƙalai, ka yi wa ɗaya maganata."

Ya ce, "Ni ba na roƙo. Rubutu nake."

Mako guda ban gaishe shi ba. Kuma bai fasa ja na ofishin magajin gari duk wata ba, wai ni ce shaidar farashi. In nuna fasfo, in sa hannu gaban ma'aikaci, a buga hatimi.

"Kawu, so kake a kama ni?"

"Rubuta sunanki duka. Duka na ce!"

Bayan jana'iza kowannenku ya ce mini sai haƙuri, ya kama jirginsa na Paris. Ba wanda ya tambayi inda zan kwana wata mai zuwa. Na je wurin wata lauya, ta ce sai na kawo hujjar cewa na shekara goma a ƙasar, ba giɓi. Ni da ba haya, ba albashi, ba sunana a ko'ina! Cikin kunya na kai mata kwalayen da Kawu ya tara takardun rigimar burodi a ciki.

Ta daɗe tana buɗawa, sannan ta cire tabarau. "Wa ya shirya wannan?"

"Kawuna. Haka yake, kan farashin albasa ne."

"Babu alƙalin da zai karanta farashin albasa. Hatimin zai karanta. Ko wata ɗaya bai tsallake ba." Ta juyo mini bayan kwali. Ba burodi ya rubuta ba. Sunana ne, duka.

Haba Kawu! Shekara goma sha ɗaya ina jin haushinka, kalma ɗaya ta gagare ka? Ƙarin kuɗin kuma har ka mutu ba su yi ba. Amsarsu ta ƙarshe ta zo kana kabari: ana nazari.

Ranar Talata, sha ɗaya da kwata, ina tsaye a kicin lauya ta kira. Alƙali ya soke korar, za a ba ni takardar zama. Ta ce, "Ba mai taɓa ki yanzu." Na ajiye waya, na rasa wanda zan gaya wa. Sai na ɗora burodi a sikeli don kawai in ji ƙarar.

Ya Allah, ka ji ƙan Kawu Isuhu. Ka yafe masa taurin kai, ka yafe mini makon da ban gaishe shi ba. Ranar awo ka nauyaya ma'auninsa, ka cika masa biyun da suka hana shi. Amin.