Goggo Hansai da Kunyar Ɗan Fari

A Tirwun, in jariri ya ƙi barci, ko magidanci ya tashi da ƙugu a riƙe, ba a doguwar shawara, gidan Goggo Hansai ake nufa. Ba ta ba da jiƙo, ba ta tofi. Man kaɗanya ne a ɗan gwangwani, sai tafin hannun nan nata mai ɗumi. Za ta ɗora maka shi inda ke ciwo tana yi maka tsiya: "Ƙato da kai kana raki? Bari in aika a kira matarka ta gani." Kafin ka gama dariya rabin ciwon ya tafi. Ta fi shekara arba'in tana wannan aiki, har daga GRA ake turo mota a ɗauke ta.

Mutum ɗaya ne bai san hannun nan ba, Mahfuz, ɗanta na fari.

A gidan Fulani ta tashi, inda mace ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Ana yaye Mahfuz kakarsa ta ɗauke shi zuwa ɗakinta. Hansai kuwa ta riƙe al'adar har ta fi waɗanda suka koya mata. In ambatonsa ya kama, sai ta ce "yayan su Ni'ima". Ranar da ya faɗo daga bishiyar mangwaro ya gurɗe hannu, tana ɗaki tana jin kukansa, amma sai ta aika a kira maƙwabciya. Mata suka yi ta yabo, wai Hansai akwai kunya. Ita ma, Allah ya yafe mana, yabon ya yi mata daɗi.

Mahfuz ya girma, ya zama malamin firamare, ya yi aure. Duk Juma'a yakan durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe ta, ta amsa tana kallon gefe. Goggo yake ce mata, kamar kowa.

Yana da shekara arba'in da uku ciwon ƙoda ya kwantar da shi a asibiti. Ƙafafu suka kumbura suntum, zafi ya hana shi sakat. Goggo takan zo da kunu, ta zauna can kusa da taga tana ba matarsa umarni: "Ba nan ba, sama kaɗan. A hankali mana, ba tuwo kike tuƙawa ba." Hannunta na ƙaiƙayi, zuciyarta na ƙuna, amma ga surukai ga 'yan dubiya, ina za ta kai fuskarta?

Akwai wata nas a ɗakin, Paulina, 'yar Bogoro, wadda ba ta iya ganin abu ta yi shiru. Wata rana bayan azahar ta tsaya a kan Goggo.

"Mama, ni fa na san ki. Ke kin gyara mini baya lokacin da na haihu. Allura ya yi nashi, ya ƙare. Ki taɓa yaronki mana."

"Ke 'yar nan, mu ba ma haka."

"To waye zai yi?"

Paulina ba ta jira amsa ba. Ta kora kowa waje, ta ja labule, ta bar su su biyu.

Goggo ta daɗe a tsaye. Macen da ba ta taɓa jin tsoron jikin kowa ba, yau ta rasa ta inda za ta fara. Ta kunto gwangwanin daga bakin zanenta, don kullum da shi take zuwa, kullum kuma ta koma da shi a rufe. Ta zauna a gefen gado, ta ɗora ƙafarsa a cinyarta, ta fara murzawa daga diddige.

Nishin ya ragu. Yatsunsa da ke damƙe da ƙarfen gado suka saki. Can ya buɗe ido ya dube ta, ya yi ɗan murmushi.

"Ashe haka yake, Goggo. Ina dai jin labarinsa a gari."

Ba da zargi ya faɗa ba, shi ya sa maganar ta fi cin ta. Ya yi barci har la'asar ta wuce, barcin da ya kwana biyu bai samu irinsa ba. Ita kuwa hawaye suka yi ta ɗiga a kan ƙafar, ba ta share ba don kada ta ɗauke hannu.

Daga ranar ta daina neman labule. Surukai su shigo su fita, tana zaune da ƙafarsa a cinya. Kwana tara aka yi haka, a na goma Allah ya karɓi abinsa.

Har yanzu ana kai mata masu ciwo, tana kuma karɓa, sai dai tsiyar ta ragu. Ni'ima, ƙanwarsa, ta taɓa ƙoƙarin ba ta haƙuri.

"Goggo, ai ki gode Allah, kin samu kin yi masa."

Goggo ta girgiza kai.

"Kwana tara, Ni'ima. Ƙafar da na haifa, sai da ta kumbura na san ta."