Badukun da Ya Nemi Unguwa a Ƙofar Masallaci

Assoumane ba ya kallon fuskar mutum sai ya gama da ƙafarsa. Ba raini ba ne, sana'a ce. Baduku ne ɗan baduku daga Mirriya, kusa da Damagaram, kuma tun yana ƙarami mahaifinsa ya zaunar da shi a bakin kasuwa, inda ba abin da ke giftawa ta gaban idonsa sai ƙafafu. In ka tsaya gabansa, kafin ka ƙare sallama ya san ko kai manomi ne ko ma'aikacin ofis, ya san ƙafar da ke maka ciwo, har ya san ko da kanka ka zaɓi takalmin ko surukarka ce ta aiko da shi. Mutanen Mirriya sukan ce in aka tambaye shi kamannin limamin garin sai ya yi dogon tunani, amma takalmin liman yana iya ɗinka irinsa ido rufe.

Ya zo Sabha a shekarun da Libiya ta buɗe ƙofa ga mutanen Afirka, lokacin da in ka kunna rediyo ba ka jin komai sai zancen nahiya ɗaya da 'yan'uwantaka, manyan motoci kuma suna tasowa daga Agadas maƙil da kaya, mutane jere a saman kayan. Yawancin waɗanda suka hau mota tare da shi arewa suka nufa, bakin teku. Shi kuwa da ya sauka ya ga yadda ƙasar garin ke cin takalmi, sai ya ce a nan arzikinsa yake. Ya sauka wajen taubashinsa Halilu, mai aikin gini, a wani ɗaki a unguwar Jadid da maza goma sha ɗaya ke kwana a ciki, ya zama na goma sha biyu. Kowace safiya yakan kafa akwatin aikinsa kusa da inda 'yan ƙwadago ke taruwa suna jiran motar da za ta kwashe su zuwa gini ko gona.

Yana wata na takwas a haka wani direba ya kawo masa kaset daga gida. Rediyo ɗaya ce a ɗakin, kuma cikin mazan nan ba wanda ya ga dalilin tashi ya ba shi wuri, don haka tare suka saurari muryar matarsa Fassouma. Ta gaishe shi, ta gai da Halilu, ta ba da labarin akuyar da ta haifi tagwaye, sannan ta zo kan magana. Ta ce nan da kwana ashirin tana tafe da 'yarsu Anisa a motar yayanta Ousseini. Ousseini zai yi kwana uku a Sabha yana lodi, kuma ya rantse sai ya ga inda za a ajiye ƙanwarsa da idonsa. In wurin bai kwanta masa ba, da ita zai juya. Ta ƙara da cewa ita ma ta ji labarin gidajen da miji ke kulle mata ta waje in zai fita, kuma ba ta yi tafiyar kwana da kwanaki a sahara don ta zama buhun gero ba.

Da kaset ɗin ya ƙare kowa ya zama masanin gari. Wani ya ce tsakiyar gari ne lafiya, wani ya ce hayar can sai mai rijiyar mai. Wani ya ambaci unguwa mai arha, wani ya ɗaga riga ya nuna tabon da ya samo a cikinta. Wani ya ce inda baƙi suka yi yawa 'yan sanda ba sa rabuwa da kai samame, wani ya ce inda ba baƙi ma ai ba mai ba ka ɗaki. Halilu ya bari suka gama.

“Bawana, kada ka wahalar da kanka,” in ji shi. “A rataya labule a wancan lungun. Mu goma sha ɗaya duk sai mu zama dogaranta.”

Assoumane ya ce ya gode, amma ko kaza ba zai ba Halilu tsaro ba. Shi yana da hanyarsa. A ganinsa, duk abin da unguwa ke ɓoyewa yana zube a ƙofar masallacinta. In takalman masu tsada ne, haya ta fi ƙarfinsa. In mutane suna shiga da takalmansu a hammata, akwai ɓarayi. Abin da yake nema shi ne ƙofar da tsofaffin takalma ke warwatse ba mai waiwayensu: talakawa ke nan, kuma hankalinsu a kwance.

Haka ya shiga zagayen gari, azahar a wannan unguwa, la'asar a waccan, yana hawa ƙananan bas yana sauka. Garin kuwa bai rage shi da abin kallo ba. A masallacin farko bai ga ko takalmi ɗaya a ƙofa ba, har ya fara tausayin liman, sai da ya shiga ya tarar da kantar ajiye takalma a jikin bango, kowa ya jera nasa. Ya yi sallarsa rabin hankalinsa na kan wani baƙin takalmi ɗan Italiya wanda ya kasa gano ta inda aka ɓoye ɗinkinsa. Bayan sallama ya nemi izinin mai shi ya juya shi sau uku, ya shinshina fatar, ya mayar. Bai tambayi kuɗin haya a unguwar ba, fatar ta gaya masa. A wani wurin ya ga takalman sojoji jere guda tara, ya yi addu'a a taƙaice ya fita.

A kwana na shida ya kai wata unguwa a gefen gari, wadda ba sai an kama sunanta ba. Nan ya ga abin da yake mafarki. Silifa tsofaffi, wasu an ɗaure da waya, wasu dunduniyarsu ta cinye har ana hango ƙasa, a zube ko'ina, masu su sun shige ba wanda ya ko waiga. Ya tambayi ɗaki aka nuna masa, babba, da tagarsa, kuɗin kuma sai da ya sa aka maimaita don ya zaci kunnensa ne. Ya dawo Jadid yana taku ɗai-ɗai, ya shaida wa Halilu cewa ilimi ba a jikin bulo yake ba.

Ranar Juma'a ya koma don a ƙulla magana. Saboda mai gidan ya san da mutumin kirki zai yi hulɗa, ya sa takalmin da ya ɗinka wa kansa da jar fatar akuya, wanda ya ci masa mako uku. Ya ajiye shi a ƙofar masallaci cikin 'yan'uwansa, ya shiga da natsuwa. Da aka idar ya fito, takalmi ya riga shi tafiya.

Abin mamaki, haushin bai zo da wuri ba, son sani ne ya riga shi. Yana tsaye yana ɗaga ƙafa ɗaya yana sauke ɗaya saboda zafin ƙasa, sai ya lura da abin da murna ta hana shi gani a zuwan farko. Ba takalmin da ke kusa da ɗan'uwansa. Mutum zai ɗauki na dama a bakin ƙofa, ya yi ɗingishi har gindin famfo ya ɗauko na hagu. Ya bi wani dattijo da ido, ya ga ya tsallaka titi ya shiga shago, ya cire silifar waya, ya sa takalmi mai kyau da ya bar wa mai shagon ajiya. Ashe mutanen unguwar duk suna da takalmin masallaci dabam, wanda ko ɓarawo zai ji kunyar ɗauka.

Ladan ya ara masa silifar shiga bayi, ɗaya shuɗiya ɗaya kore. Da su ya hau bas, kuma da yake ba ya son Halilu ya gan shi da rana tsaka a haka, sai ya sauka a unguwar Mahdiya wajen Kaltoumi mai tuwo. Kaltoumi mutuniyar Tasawa ce, ta zo Sabha tun kafin a fara zancen 'yan'uwantaka a rediyo, kuma duk ɗan Nijar da ya yi kewar miyar kuka ya san rumfarta. Ta dubi ƙafarsa, ta zuba masa tuwo, ta bari ya ci rabi sannan ta tambaya. Ya ba ta labari tun daga kaset. Ta yi dariya har ta dafa tukunya.

“Ƙanena, dabararka ba ta da laifi,” ta ce. “Amma takalman wa ka yi ta dubawa? Na maza. Maza kuwa da asuba sun fice, sai magariba. Ita matar taka da wa za ta wuni?”

Ya ce da mata.

“To je ka duba na mata.”

Ya tuna mata cewa mata ba sa zube takalmi a ƙofar masallaci. Ta ce shi ne baduku ko ita.

Washegari bai kafa akwati a wurin 'yan ƙwadago ba. Ya rataya shi a kafaɗa ya shiga lunguna tsakanin hantsi da azahar, yana kiran gyaran takalmi da Hausa da ɗan guntun Larabcin da ya tsinta. A wasu lungunan ƙofar ƙarfe takan buɗe kamar faɗin tafin hannu, a miƙo takalmi, a rufe. Yakan juya shi ya ga ƙasansa sabo ƙal, sai maɗaurin kawai ya tsage don bushewa. Takalmin da ya shekara biyu bai san titi ba. A wasu lungunan ko ƙofar ba a buɗewa, sai dai ya ji ana saurarensa ta ciki. Ya yi ta mamakin yadda gari ɗaya ke da mata masu ƙafa da mata marasa ƙafa.

Saura kwana biyar mota ta iso ya faɗa wani lungu a cikin Mahdiyar, bayan shagon wani mai walda. Bai gama kira na biyu ba mata suka fito da kansu. 'Yar Maraɗi, 'yan Cadi biyu, wata 'yar Gana mai murya kamar ta mai shela, kowace da takalmi a hannu, suna tsaye a kansa suna koya masa aikinsa. Takalman roba ne masu arha, kuma duk dunduniyarsu ta suɗe. Ya ga laka ta bakin famfo, ya ga garin fulawa na gidan burodi maƙale a tsagar wani. Waɗannan ƙafafu suna zuwa inda suke so da rana tsaka, su dawo.

Ta ƙarshe da ta fito tsohuwa ce 'yar ƙasa, Balarabiya, da takalmin da ya fi na kowa cinyewa, don ita ce ke zagaya gidajen lungun kullum tana duba wanda bai da lafiya da wanda ya yi baƙo ba a gaya mata ba. Hajja suke ce mata. 'Yar Maraɗin ta yi musu tafinta. Hajja tana da ɗaki a jikin bangon mai walda, wanda ba ya zama da mai haya saboda ƙara, shi ya sa kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Ta tambaye shi garinsu, da sunan matarsa, da shekarun yarinyar, da ko yana shan taba. Ta ce ta ba shi, da sharaɗin kada ta ga gwauro ya wuce bakin lungu. Da Halilu ya ji sharaɗin ya ce an yi dokar ne musamman don a tozarta shi, alhali shi ya yi wa ɗakin farar ƙasa kyauta daga baya, Hajja na zaune a kan kujera tana gadinsa.

Mota ta iso ranar Talata. Ousseini, dogo marar yawan magana, ya shiga ɗakin ya ƙwanƙwasa bango, ya dubi rufi, ya girgiza ƙofa. Daidai lokacin mai walda ya fara dukan ƙarfe, Anisa ta toshe kunne. Ousseini ya ce zai dawo jibi kafin ya tashi. Assoumane ya yi kwana biyun nan yana soke yatsa da basilla.

Ranar Alhamis da la'asar Assoumane da Ousseini suka taho tare daga tasha, Ousseini yana faɗin cewa ya bar wuri biyu a gaban mota ko da za a buƙata. Suka tarar da ƙofar ɗakin a buɗe, tukunya a wanke, ba Fassouma ba Anisa. Assoumane ya waiga yana neman wanda zai tambaya. Mai walda ya ɗaga gilashin fuskarsa ya nuna musu gidan Hajja da guduma.

Daga zaure suka yi sallama, don ba a ba su izinin wucewa ba. Ta ƙofar da ke buɗe suna hango mata shida zaune da faifai suna tsince dabino, Anisa a cinyar 'yar Gana ana yi mata kitso. Fassouma ta taso da faifanta a hannu, ta gai da yayanta. Ya ce mata mota za ta tashi gobe da safe, ya kuma ji irin ƙarar da ke cikin ɗakin nan, in tana son komawa ta faɗa masa yanzu ba tare da jin nauyin kowa ba.

“Yaya, ƙarar da rana ce, da rana kuwa ba na ɗakin,” ta ce. “In za ka dawo ka taho mini da turmina. Da daddawa mai yawa, Hajja ta ɗanɗana ta ce a ƙaro. Baban Anisa, kai kuma ka matsa daga hanya, za a fito da tabarma.”

Ousseini ya tambaya ko babban turmin take nufi ko ƙaramin.