Ranar da Sunayen Masu Yanar Ido Suka Ɓace Daga Kalanda

Ranakun aiki da yawa sun wuce ban riƙe komai daga cikinsu ba, amma ban taɓa mantawa da wata Litinin ta ƙarshen damina ba, a shekarata ta uku a ofishinmu na Ƙauran Namoda. Ku da kuka zo daga baya kun tarar da dokar cewa mutum biyu kaɗai ke da ikon goge abu a kalandar ofis, wasunku har suna ƙorafi a kanta. Ga asalinta.

Don wanda bai san aikin ba, ƙungiyarmu mai zaman kanta ce, tana kula da masu ciwon ido a ƙananan hukumomi uku: Ƙaura, Shinkafi da Zurmi. Ba mu da likitan tiyata na dindindin. Dakta Nasiru ne ke zuwa daga Sakkwato sau ɗaya a wata uku, ya yi kwana biyu, Laraba da Alhamis, yana cire wa mutane yanar ido. Kafin zuwansa, ma'aikatan jinya kan zagaya ƙauyuka suna tantance waɗanda suka cancanci aiki. Duk wanda aka zaɓa sai a ware masa lokaci a kalandar da ke haɗe da imel ɗin ofis. A ciki ake rubuta sunansa, garinsu, idon da za a yi wa aiki, sakamakon awon jini da na suga, da lambar wayar ɗan'uwan da zai kawo shi. A da babban littafi muke amfani da shi, sai hedkwata ta ce a daina, komai ya koma na'ura.

Lambar wayar nan ita ce ginshiƙin aikin. Yadda hanyoyinmu suka zama da rashin tsaro, babu wanda zai ɗora tsohon da ba ya gani a kan babur daga Jangeru ko bayan Zurmi sai an kira shi an tabbatar masa likita na tafe. Don haka Litinin ɗin makon aiki ranar kira ce. Wanda ba a kira ba, ba zai zo ba.

A lokacin mu huɗu ke da ikon rubutawa da gogewa a kalandar: Manaja, wato Alhaji Lawali; shugabar ma'aikatan jinya, Sista Hauwa; ni, jami'in adana bayanai; sai Malam Garba, magatakardanmu. Malam Garba dattijo ne, mutumin Zurmi. Ya yi shekaru yana buga takardu da tafireta a aikin gwamnati, bayan ya yi ritaya muka ɗauke shi a kan yarjejeniyar shekara-shekara. Ya koyi kwamfuta da girmansa, kuma bai taɓa sakin jiki da ita ba. Kafin ya danna wani abu sai ya karanta sau biyu, yana bin layin da yatsa.

Ƙarfe takwas na safiyar ranar na buɗe kalandar don in fitar da jerin waɗanda za a kira. Laraba fayau, Alhamis fayau. Mutum arba'in da biyu ya kamata in gani, ko ɗaya babu. Na ɗauka matsalar sabis ce, na rufe na sake buɗewa. Na kashe kwamfutar na kunna. Na duba a ta Sista Hauwa, duk ɗaya. Na leƙa wurin da saƙonnin imel da aka goge ke taruwa, ban ga komai ba sai tsofaffin wasiƙu. Daga nan na je na sanar da Manaja.

Tambayarsa ta farko ita ce, "Wa ya taɓa ta daga ƙarshe?"

Na ce a sanina Malam Garba ne, domin ranar Alhamis da ta wuce shi ya shigar da sunayen mutanen Zurmi. Aka kira shi. Ya shigo ya tsaya, ya saurari bayani har ƙarshe.

Manaja ya ce, "Malam Garba, kai ka goge su?"

Malam Garba ya ce, "Ranka shi daɗe, ban iya rantsuwa in ce ba ni ne ba. Wagga na'ura, wani lokaci hannuna kan taɓa abin da ban yi nufi ba. Mai yiwuwa ni ne."

Manaja ya ce a ba shi takardar tuhuma, ya amsa kafin a tashi aiki. A tsarinmu, takardar tuhuma kan shiga fayil ɗin ma'aikaci, kuma mai yarjejeniyar shekara da aka samu da laifi irin wannan da wuya a sabunta masa. Tunda Malam Garba ne mai buga duk takardun ofis, shi ya zauna ya buga tasa da hannunsa, ya kai aka sa hannu, ya dawo ya karɓa.

Haka safiyar ta tafi. Sista Hauwa ta tara ma'aikatanta suna ƙoƙarin tuno sunaye da ka. Sun kawo goma sha ɗaya, amma babu lambar waya ko ɗaya. Aka yi maganar tura mutum Shinkafi a kan babur ya bi masu unguwanni, aka ga kwana biyu ba za su isa ba. Ni kuma ina ta kai-komo tsakanin teburina da ofishin Manaja, ina amsa tambayoyi a kan wa ya san kalmar sirrin wa. Sai wajen ƙarfe sha ɗaya na yi abin da ya kamata in fara yi, na kira Injiniya Maryam, mai kula da na'urorin ƙungiya a hedkwata.

Ba ta tambayi wanda ya yi ba. Ta ce, "Yaushe rabonka da ganinsu?"

Na ce Alhamis da safe.

Ta ce, "To kwana huɗu ke nan, suna nan. A ina ka duba?"

Na gaya mata. Ta ce na duba inda ba nan ba. Ta yi mini bayani cewa kalanda tana da nata kwandon shara daban da na imel, kuma duk abin da aka goge yana zama a ciki har kwana talatin kafin ya ɓace gaba ɗaya. A waya ba a ganin kwandon, sai a kwamfuta. Kuma kowace kalanda da nata, don haka in tabbatar na zaɓi ta ofis, ba tawa ta kaina ba.

Na bi yadda ta ce, tana kan layi. Sai ga su a jere, arba'in da biyu cif, kowanne da ranar da aka goge shi. Na yi wa duka alama, na danna wurin maidowa. Cikin ƙasa da minti ɗaya Laraba da Alhamis suka cika. Na buɗe uku na duba, lambobin waya da sakamakon awo duk suna nan yadda aka shigar da su. Sista Hauwa da ke tsaye a bayana ta ce alhamdu lillahi, ta fita ta gaya wa sauran.

Injiniya ta ce, "Kada ka yi murna tukuna. Akwai wanda kuke gayyata a cikin waɗannan lokutan?"

Na ce Dakta Nasiru, a kowanne muna sa imel ɗinsa don ya ga jerin marasa lafiyarsa.

Ta ce, "To ka kira shi yanzu. In an goge, na'ura kan aika wa wanda aka gayyata cewa an soke."

Manaja da kansa ya kira, ina zaune a gabansa. Dakta ya ce tun yammacin Alhamis ya ga saƙonnin sokewa sun cika masa waya. Ya ɗauka wani abu ne ya faru a hanya muka ɗage aikin, kamar yadda aka taɓa yi. Ya jira kiranmu har safiyar nan bai ji ba. Da ƙarfe goma, wato sa'a ɗaya da 'yan mintuna kafin wannan kira, ya amsa wa wani asibiti cewa zai yi musu aiki ranar Laraba, har an sanar da marasa lafiyarsu. Ba zai iya warware wannan ba. Abin da zai iya shi ne ya zo mana Alhamis, ya ƙara da safiyar Juma'a zuwa lokacin masallaci, domin da yamma dole ya kama hanya da sauran rana.

Kwana ɗaya da rabi ba ya ɗaukar mutum arba'in da biyu. Sista Hauwa ta zauna da jerin, ta fifita masu yana a ido biyu da waɗanda suka fi nisa. Mutum tara aka ɗage zuwa zagaye na gaba. Ni na kira 'yan'uwansu. Wani mutum daga Kasuwar Daji, da na gaya masa mahaifinsa sai bayan wata uku, ya ce, "Malam, tun jiya tsoho ya sa anka wanke mai riga." Na ba shi haƙuri. Ya ce ba komai, Allah ya kai mu.

Bayan azahar Injiniya Maryam ta aiko mini da takarda ɗaya ta imel. Ashe a ɓangarenta akwai rajista da na'ura ke rubutawa da kanta, wadda ke nuna asusun da ya yi kowane canji, da irin na'urar da aka yi amfani da ita, da lokaci. Duka arba'in da biyun daga asusun Manaja aka goge su, ta wayar hannu, ɗaya bayan ɗaya, tsakanin ƙarfe huɗu da biyar na yammacin Alhamis. A wannan lokacin Malam Garba ya riga ya tashi aiki.

Na buga takardar na ajiye a aljihun tebur. Ba zan ɓoye muku ba, ta kai sa'a guda a wurin. Alhaji Lawali shi ke rubuta rahoton aikina na shekara, kuma ba mutum ne da ake gaya wa ya yi kuskure ba. Abin da ya tashe ni shi ne na ga Malam Garba ya wuce da amsar tuhumarsa a hannu. Na roƙe shi in gani. Layi uku ce: ya amsa laifi, ya nemi afuwa, ya yi alkawarin kiyayewa. Na ce ya dakata da ita tukuna.

Na shiga wurin Manaja na rufe ƙofa, na ajiye takardar a gabansa. Ya karanta, ya ɗauko wayarsa ya duba, ya sake karantawa.

Ya ce, "Alhamis ina cikin mota, ina dawowa daga taro a Gusau. Wayar ta dame ni da ƙara, sunaye sai shigowa suke. Na ɗauka daga wayata kaɗai nike share su."

Na ce, "Ranka shi daɗe, kalandar ɗaya ce. Abin da aka goge a waya ya gogu ga kowa."

Ya ce, "Wa ya ga wannan ban da kai?"

Na ce Injiniya Maryam.

Ya ajiye takardar. Sannan ya ce in kira masa Malam Garba da Sista Hauwa. Da suka zo, ya ce a taƙaice shi ne ya goge sunayen bisa rashin sani, an janye tuhuma, kuma yana roƙon Malam Garba ya yafe masa. Manaja ya karɓi takardar tuhumar ya yaga.

Malam Garba bai nuna murna ba. Ya nemi a ba shi rajistar ya gani. Ya sa tabarau ya bi ta layi-layi har ƙasa, sannan ya ce, "Ashe dai ba hannuna ba ne." Ya ɗago ya ce, "Ranka shi daɗe, ina son a ba ni kwafin wagga takarda in aje."

Na ga fuskar Manaja ta canza, domin sunansa ne a kowane layi. Amma ya ɗauki biro ya sa hannu a ƙasa, ya miƙa masa. Malam Garba ya ninke ta huɗu ya sa a aljihu, ya koma teburinsa ya ci gaba da kiran mutanen Zurmi.

An yi wa mutum talatin da uku aiki a wannan zagayen. Cikin taran da aka ɗage, bakwai sun zo bayan wata uku. Ɗaya 'ya'yansa sun kai shi wani asibiti. Ɗaya kuma, tsohon nan na Kasuwar Daji, ya rasu da zazzaɓi kafin lokacin ya zo. A makon da ya biyo baya Manaja ya rubuta wa hedkwata da kansa cewa a rage masu ikon gogewa zuwa biyu, kuma a cire sunansa daga ciki. Malam Garba ya ƙara shekara biyu tare da mu kafin ya koma gida.

Abin da na ɗauka daga wannan rana guda biyu ne. Na farko ya shafi aikin: in abu ya ɓace, a fara tambayar ina yake kafin a tambayi wa ya yi. Maido da sunayen bai ci minti ɗaya ba, amma mun ɓata sa'a uku muna neman mai laifi, kuma a cikin waɗannan sa'o'in ne ranar Laraba ta kuɓuce mana. Na biyu ya shafi mutane. In aka yi ɓarna a ofis kuka ji wani ya yi saurin cewa mai yiwuwa shi ne, kada ku karɓa ku rufe magana. Sau da yawa ba shi ya yi ba, ya dai duba ɗakin ne ya ga babu wanda zai tsaya masa.