Goma da minti goma

"Baba Seidu, ƙarfe nawa?" Haka na tambaye shi a ƙofar masallacinmu a unguwar Nima.

A shekarun alif ɗari tara da sittin ne, ban daɗe da gama jami'a ba. Wani baƙo ya sayar wa dattawan unguwa agogunan zinariya, wai daga Turai, ya ɓace. Ashe gwangwani ne, kuma duka sun tsaya a goma da minti goma. Baba Seidu jarin doyarsa kaf ya zuba a ciki.

Jama'a suka yi karo-karo don a taimaka wa dattawan, amma babu wanda ya yarda an cuce shi. Kowa na ɗaure da nasa yana taƙama. Sai mai unguwa ya ƙuƙƙulle kuɗin a tsumma, ya ce in riƙa tambayar lokaci. Duk wanda ya ce goma da minti goma, in zura masa ƙulli a aljihu, in yi shiru.

Baba Seidu ya dubi agogonsa da kyau.

"Goma da minti goma."

Na kasa daurewa. "Baba, yanzu fa aka sallame Juma'a. Biyu saura kwata ne."

"Kai ɗan boko, gyaran agogo aka aiko ka? Aljihun dama ne bai huje ba."

Na zura. Washegari ya sari doya.

Ƙulli ɗaya ya rage, na mayar wa mai unguwa. Ya dube ni, ya janye hannun rigarsa a hankali.

"To, ni ba za ka tambaye ni lokaci ba?"

Ku a unguwarku, yaya ake taimakon dattijo ba tare da an tona masa asiri ba?