Kwamfutar Yaya ba ta shiga ƙidaya ba

Yayana ya rasa ganinsa yana da shekara hamsin da 'yan kai. Hawan jinin ido ne ya ci shi a hankali, har ya daina tambaya ko an kawo wuta. Da can malamin lakkol ne, Faransanci yake koyarwa. Da ido ya tafi sai ya koma rubuta wa 'yan kasuwar Zongo takardu a zauren gidanmu: neman izini, ƙorafi zuwa ma'aikata, amsar wasiƙar mai gidan haya. Da wata tsohuwar kwamfuta yake aikin, mai ƙugi kamar injin markaɗe.

Ni na sa masa manhajar da ke karanta abin da ke kan allo da murya. Ta kyauta ce, wasu mutane ne a ƙasashe daban-daban ke rubuta ta a lokacin hutunsu, kowa yana iya leƙa cikinta ya gyara. Matar Yaya ta ɗiga jan farce a kan wasu maɓallai don yatsunsa su gane hanya. Cikin wata biyu ya fi ni sauri, ni da ake biya albashi a ma'aikata don in san kwamfuta. Bai bar ni na manta da hakan ba ko sau ɗaya.

Kwamfutar ba ta taɓa shiga intanet ba. Idan sabon zubin manhajar ya fito, a biro, wato ofishinmu, nake sauke shi, in zuba a kile, wato ɗan abin nan da ake sokawa a gefen na'ura, in biya ta Zongo kafin in wuce gida unguwar Bobiel. Daga hannun Yaya kilen yakan zaga wajen abokansa makafi, ya yi mako bai dawo ba. Haka muke yi a Yamai, mutum ɗaya ya sauke, unguwa ta amfana.

Shekarar da Inna ta rasu ban san abin da ya same ni ba. Ban yi kuka ba, ban kuma fasa zuwa aiki ba. Ina ci, ina salla, ina amsa gaisuwa, amma komai kamar a gidan maƙwabta yake faruwa. A cikin wannan hali na ga sanarwa a shafin masu manhajar. Sun ce za su daina kula da tsohon sistem, irin wanda ke tafiyar da kwamfutar Yaya. Sun duba masu saukewa, sun ga kusan babu mai amfani da shi. Ba ƙarya suka yi ba, abin da suka gani ke nan. Ni da sabuwar na'urar biro nake saukewa, don haka Yaya da abokansa duka an ƙirga su mutum ɗaya, mai sabon sistem.

Ba su yi abin da wulaƙanci ba, gara ma da sun yi, da na sami wanda zan zaga. Wadda ta rubuta sanarwar ta ce su kaɗan ne, kowa da aikinsa da iyalinsa, kuma babu mai tsohuwar na'urar da zai gwada gyara a kanta. A ƙarshe ta ce idan akwai mai irin wannan na'ura da zai riƙa gwada musu kowane sabon zubi yana faɗa musu abin da ya lalace, za su ci gaba. Suka bar tambayar a buɗe.

Kullum da safe nakan buɗe shafin in karanta. Wasu na cewa a yar da tsohon kaya a huta, wasu na cewa a tausaya, amma babu wanda ya ce ga ni. Sau biyu na fara rubutu. Na farko na goge, don na ji nauyin in gaya wa duniya cewa da irin wannan akwala muke aiki. Na biyu aka kira ni in duba firinta a hawa na sama, da na dawo ban ci gaba ba. Ba ni da wani dalili da ya wuce wannan. Wata safiya na tarar an rufe tambayar, da godiya ga kowa.

Ba ranar abin ya tsaya ba. Tsohon zubin ya ci gaba da magana. Amma takardun da 'yan kasuwa ke kawowa daga wayoyinsu suka fara zuwa da sabon fasali, muryar ta iso kansu ta yi shiru. Yaya yakan ce wa mai takarda ya dawo gobe. Wasu suka dawo, wasu suka gano sibar ɗin bakin titi, shagon da ake buga takardu da kwamfuta.

Na aro masa sabuwar na'ura ta hannu. Maɓallanta a shafe suke, kuma komai na ciki ya sauya wuri. Ya yi mako biyu yana fama. Sai wani mai sayar da atamfa ya dawo da wasiƙa, ya ce cikin ladabi layi biyu sun hau juna. Yaya ya ba shi haƙuri, ya rufe na'urar, ya ce in mayar wa mai ita.

Wata Asabar da hantsi na gaya masa gaskiya. Yana zaune a kan tabarma, rediyo a kashe.

"Me suka tambaya?" in ji shi.

"Ko akwai mai irin taka, Yaya."

"Kai kuma ka ce me?"

"Ban ce komai ba."

Ya gyaɗa kai. Na jira faɗa, don Yaya ya iya faɗa, amma bai yi ba. Ni ma na lalubi kunya a cikina, ban sami ko ita ba.

Ya ce, "Yarinyar ta aiko?"

'Yarsa yake nufi, wadda ke karatun jinya a Damagaram. Takan rubuto masa doguwar wasiƙa ta wayata, in zuba a kile ban buɗe ba, shi kuma ya sa abin kunne ya saurara shi kaɗai. Ta ranar tana aljihuna, muka gwada, muryar ta ƙi karantawa.

"Buɗe a wayarka ka karanto mini," ya ce. "In ka iso inda ba na kunnenka ba ne, ka tsallake."

Na karanta gaisuwa: tana gaida shi, tana gaida mamarta, tana gaida ni. Na sauke ido kan abin da ya biyo, na ga layin farko ba na kunnena ba ne, na ja da yatsa na tsallake. Shafi uku na ja. Sannan na karanta masa inda ta ce ta tsaya nan, sai ta ji daga gare shi.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan wanda zan iya, Yaya."

Sai ya ce in rubuta mata cewa saƙo ya iso, kowa lafiya, kuma nan gaba ta riƙa taƙaitawa.