Baba a Wurin Kaya

Motar da na saya ƙarama ce mai dogon baya, irin wadda ake ɗaga mata ƙofa ta baya a zuba kaya. Ta ga duniya kafin ta zo hannuna, amma ni ban ga tsufanta ba. Abin da nake hange shi ne Baba a kujerar gaba da farar jallabiya da rawani, ni ina tuƙi a hankali cikin unguwarmu Alsawra, mutane suna cewa ɗan mai tsinkar auduga ya zama mutum.

Juma'ar farko muka shirya gaida ƙanwarsa a unguwar Alhilla Kuku. Na wanke motar har ta gaji da ni. Matata ta shiga tsakiya, ni kuma na buɗe wa Baba ƙofar gaba har da wani rusunawa. Ya dubi kujerar, ya zagaya, ya ɗaga ƙofar baya, ya shimfiɗa dardumarsa, ya haye ya miƙe ƙafafu.

"Baba, nan ai wurin kaya ne!"

"Ni ma kayan ne. Ja arabiyarka, motar nan taka, mu tafi."

Haka muka ratsa unguwa yana ɗaga wa jama'a hannu ta gilashin baya. Mai shayin bakin titi ta riƙe baki. A kan gada wani direban bas ya leƙo ya daka mini tsawa da Larabci, wai in ji tsoron Allah. Kafin mako ya zagayo magana ta gama gari: na sayi mota na ajiye ubana inda ake ajiye buhun albasa.

Abin ya ci mini rai ƙwarai. Na same shi a tsakar gida na yi ta zuba a kan mutuncina, sai ka ce wani babban mutum. Ya saurare ni har na gama. Juma'a ta gaba da kansa ya shiga gaba. Bakina ya ƙi rufuwa. Ina danna oda ga wanda na sani da wanda ban sani ba, har na ƙara zagaye ta kasuwa don kada wani ya ce bai gani ba.

Da muka isa, Baba ya kasa fita. Shekarun da ya yi a duƙe cikin gonakin audugar Jazira sun cinye masa baya da gwiwoyi, in ya daɗe a lanƙwashe sai su riƙe. Kowa a gidan ya san haka, ban da ni mai mota. Sai da mijin goggo ya kama mini muka ciro shi, jallabiyarsa sharkaf da gumi. Ya dafa kafaɗata yana haki, ya ce a hankali:

"Ya waladi, ɗana, duk sun gani?"

Na ce sun gani.

"Alhamdu lillahi. Khalas, an gama ke nan?"

Kunya ta rufe ni. Da za mu koma, ni na shimfiɗa masa dardumar. Na miƙa wa matata makulli, dama ta fi ni iya tuƙi, na haye bayan na takure kusa da shi, kaina yana bugun rufin mota.

Baba ya janye ƙafarsa kaɗan ya ba ni wuri.