Yafiyar da Na'ura Ta Samo Mini

Ko me zan manta a duniyar nan, ban da yammacin wata Laraba a hanyar Bakori zuwa Funtua. Shekaru sun shuɗe, amma abin yana nan daram a raina.

Lokacin ina jan babbar mota a wani kamfanin abincin kaji, muna kwaso masara daga kasuwannin ƙauye. Da kaka ta kama, sai kamfani ya maƙala mana wata 'yar na'ura mai kyamara a saman gilashin gaba. Manajanmu ya ce an koyar da ita ne da hotunan direbobi birjik, har ta iya rarrabe wanda hankalinsa ke kan hanya da wanda ke latsa waya. Da ta ga waya a hannunka ko a kunnenka sai ta hau ƙara, ta kuma kai rahoto ofis. Muka raɗa mata suna 'yar gulma.

Ni fa na tsane ta. Shekara da shekaru ina tuƙi, sai wani guntun ƙarfe ne zai koya mini aikina? Cikin mako biyu na gano lagonta. In na sa baƙin tabarau, na ɗora wayar a cinya inda kyamarar ba ta kaiwa, na sauke ido ban motsa kai ba, tsit take yi. Har taƙama nake a gareji, ina koya wa wasu. Yanzu in na tuna wannan taƙamar kunya nake ji.

Ran nan bayan la'asar na taso da lodi. Da kaka mutanen hanyar kan shanya masara da barkono a gefen kwalta, kuma kowane direba ya san da haka. Saƙo ya shigo wayar da ke cinyata, na sauke ido ta bayan tabarau. Wani bidiyon barkwanci ne aka turo zauren direbobi. Ina murmushi na ji motar ta hau wani abu. Kafin in tsaya, ihun mata ya cika wurin. Wani dattijo ne da ya duƙa yana tattara shanyarsa. Ko asibiti ba a kai da shi ba, rai ya yi halinsa.

Da aka zo bincike, manaja ya kawo bayanan na'urar. Babu waya, babu gyangyaɗi, gudu daidai. A hoton ga ni zaune ƙyam, hannu a sitiyari. Aka tsayar da magana a kan cewa marigayin ne ya matso kan titi. Na ja bakina na yi gum.

Ranar addu'ar uku muka je ta'aziyya. Babban ɗan marigayin, manomi ne mai sanyin magana, ya saurari bayanin manaja har ƙarshe, sannan ya dube ni.

"Direba, daina kukan nan," in ji shi. "Tunda har injin ya shaide ka, kwanan Baba ne ya ƙare. Mun yafe, duniya da lahira."

Ya sa aka kawo mini ruwa, ya riƙe hannuna yana ba ni haƙuri. Ni da na kashe masa uba, ni ake rarrashi. Ban taɓa jin na tsani kaina kamar ranar ba.

Na koma aiki, amma abinci ya ƙi shiga. Matata ta zaci firgita ce, ta yi ta nemo mini rubutu. Bayan wata biyu na kasa jurewa. Na fara samun manaja na faɗa masa komai, na ajiye masa makullin mota, sannan na hau acaɓa na nufi ƙauyen. Na tarar da ɗan marigayin a ƙofar gida yana gyaran rumbu. Na durƙusa na zayyana masa yadda aka yi, ban rage komai ba.

Ya dakata da gyaran rumbun. Can ya ce, "Me kake kallo a wayar?"

Na faɗa masa.

"Abin dariya," ya maimaita a hankali. Ya goge hannunsa a riga. "Waccan yafiyar, wanda ba shi da laifi muka yi wa. Kai ban san ka ba sai yau. Tashi ka tafi, Malam. In zuciyata ta sauko, zan aiko maka."

Bai kai ni ƙara ba, bai kuma aiko ba har yau. Duk kaka ina zuwa in gaishe shi, ya amsa gaisuwar da mutunci, mu rabu a nan.

Abin da na koya shi ne, waccan na'urar da na ɗauka abokiyar gaba, ran wani take tsare mini. Na yi mata wayo na ci nasara, kuma nasarar ce ta kashe mutum. Yafiyar da aka samu da ƙarya kuwa ba ta sauke wa kowa nauyi. Gara wannan jiran da nake yi, ko da zai kai ni kabari.